Batir Kamar Ƙwayar Yashi: Yadda Ake Gina Katod Daga Abin da Ido Ba Ya Gani

A shekarar 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'urar daidaita bugun zuciya mai suna Micra, ƙirar kamfanin Medtronic. Tsawonta bai kai santimita 3 ba, nauyinta kuma wajen giram 2. Ba a tsaga ƙirjin majiyyaci kafin a saka ta. Likita kan zura ta ta wata babbar jijiya da ke cinya, ya bi da ita har cikin zuciya, ya maƙala ta a can, ta kama aiki dare da rana har shekara goma ko fiye. Duk da wannan ƙanƙantar, kaso mai tsoka na cikinta batir ne.

Haka abin yake a kusan kowace ƙaramar na'ura. Guntun silikon mai yin lissafi ya yi ta ƙanƙancewa shekara da shekaru, har ta kai ana jera biliyoyin makunnai a wurin da bai fi faɗin farce ba. Batir kuwa ya ƙi bin sahu, kuma dalilin a fili yake: wuta a cikin sinadari ake adana ta, in an rage sinadarin an rage wutar. A 2011 masu bincike a Jami'ar Michigan sun haɗa wata 'yar kwamfuta da girmanta bai wuce milimita 2 ba ta kowace fuska, wadda aka tsara don a dasa a ido ta riƙa auna hawan jinin ido. Irin wannan na'ura, da na'urar taimakon ji, da ƙananan na'urorin auna zafi ko motsi da ake liƙa wa injuna, dukkansu suna jiran abu ɗaya ne: batirin da zai shiga inda suka shiga, ya kuma daɗe.

Cikin batirin litiyum abubuwa uku ne. Akwai anod, ɓangaren da ke da alamar ɗebewa. Akwai katod, mai alamar tarawa. Sai ruwan batir a tsakani, wanda ƙwayoyin litiyum ke ratsawa. In ana caji, litiyum na barin katod ya koma anod. In ana amfani da na'ura, sai ya dawo katod, su kuma ilaktoron su zagayo ta waya su ba na'urar wuta a hanya. Katod ne ya fi tsada, shi ne kuma yawanci ke ƙayyade yawan wutar da batir zai riƙe, shi ya sa hankalin masana ya fi karkata gare shi.

Stanley Whittingham ne ya fara nuna hanyar a kamfanin Exxon cikin shekarun 1970, da katod na titaniyum da farar wuta. A 1980 John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford suka fito da haɗin litiyum da kobalt da oksijin, mai ba da wajen bolt 4. Akira Yoshino a Japan ya samar masa da anod na kabon a 1985, kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991, su ukun kuma suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019, lokacin Goodenough yana da shekara 97. Michael Thackeray, ɗan Afirka ta Kudu, ya ƙara katod na manganis a 1983. Sinadaran da ake sa wa ƙananan batura yau, akasarinsu waɗannan ne dai. Abin da ya canja shi ne siffar da ake ba su.

Batirin da ya yi siririn gaske

A farkon shekarun 1990, John Bates da Nancy Dudney da abokan aikinsu a cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke jihar Tennessee sun gina batir ba tare da ɗigon ruwa ko ɗaya ba. Ga yadda ake yi. Ana saka faifan sinadarin katod a cikin akwatin ƙarfe, a zuƙe iskar ciki kusan ƙaf, a saki iskar argon kaɗan, a kunna wuta mai ƙarfi. Iskar kan ɗauki haske ruwan shanshanbale, ƙwayoyinta su riƙa dukan faifan suna ɓantaro masa zarra ɗaya-ɗaya, su kuma zarrar su sauka a kan gilashi ko silikon da aka ajiye daura da shi. Ana shafe awanni kafin a tara kaurin maikuromita ɗaya ko biyu, wato kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita. Daga nan a sake faifai, a sa na litiyum fosfet, a yi aikin cikin iskar nitirojin, sai a sami wani siririn gilashi da ake kira LiPON, wanda ke barin litiyum ya ratsa amma ya tare ilaktoron. Shi ne ke zama a madadin ruwan batir. A ɗora anod a sama, batir ya kammala, kuma duk shimfiɗunsa a haɗe ba su kai kaurin silin gashi ba.

Waɗannan batura suna da ƙarko na ban mamaki, ana iya yi musu caji sau dubbai. Matsalarsu ita ce ɗan abin da suke riƙewa. Wani samfurin kamfanin Cymbet yana riƙe maikuro'amfiya-awa 50, alhali batirin wayar hannu mai miliamfiya-awa 5,000 ya ninka shi sau 100,000. Mai karatu zai ce ai sai a ƙara wa katod ɗin kauri. An gwada. Da zarar ya wuce 'yan maikuromita, litiyum ba ya iya kaiwa can ƙasa cikin lokaci, shimfiɗar kuma ta soma tsagewa. Faɗaɗa shi ma ba ya yiwuwa, tunda rashin wuri ne tushen matsalar tun farko.

A nan ne maganar nano ta shigo. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Farcen mutum na tsirowa da wajen nanomita ɗaya a kowace daƙiƙa, silin gashi kuma kaurinsa kan kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100.

Duk wadda ta taɓa jiƙa kanwa ta san dunƙule yana daɗewa kafin ya narke, dakakkiya kuwa nan take ruwa ke cinye ta, don ruwan na taɓa ta ta ko'ina, kuma ba shi da nisan da zai ratsa. Ƙwayar katod ma haka take da litiyum, sai dai ribar ta fi yadda hankali ke zato. Lokacin da litiyum ke ɗauka ya ratsa ƙwaya yana tafiya ne da tsawon hanyar sau kansa. In aka rage ƙwaya daga maikuromita 10 zuwa nanomita 100, hanya ta ragu sau 100, lokaci kuwa ya ragu sau 10,000. Faɗin fuska ma na ƙaruwa: dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe yana da fuska murabba'in santimita 6, amma in aka yayyanka shi zuwa ƙwayoyi masu nanomita 100, fuskarsu a haɗe za ta kai murabba'in mita 60.

Ba inda wannan ya fi bayyana kamar a labarin litiyum da ƙarfe da fosfet. Goodenough ne dai da ɗalibansa suka bayyana shi a 1997 a Jami'ar Texas da ke Austin. Ba ya buƙatar kobalt, ba ya saurin kamawa da wuta, kuma ƙarfe da fosfet ba su da tsada. Amma da farko an ɗauke shi kusan mara amfani, domin ilaktoron da ƙyar suke bi ta cikinsa, shi kuma litiyum ta 'yan ramuka masu fuskantar gefe guda kawai yake tafiya. Zarrar ƙarfe ɗaya in ta faɗa inda bai kamata ba, ta toshe ramin gaba ɗaya. Magani biyu suka cece shi. Michel Armand da abokan aikinsa a Kanada suka lulluɓe ƙwayoyin da kabon don ilaktoron su sami hanya ta waje, wasu masanan kuma suka ƙanƙantar da ƙwayoyin har ramukan suka gajarta, toshewa ta daina kashe ƙwaya sukutum. A 2009 Byoungwoo Kang da Gerbrand Ceder na cibiyar MIT sun nuna samfurin da ke juye wutarsa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 a ɗakin gwaji. Batiran sola masu rubutun LiFePO4 da suka cika shagunan kayan lantarki yau, da na motocin BYD da wasu na Tesla, jikokin wannan aikin ne.

Yadda ake dafa ƙwayoyin

Hanyar da ta fi yaɗuwa a ɗakunan gwaji tana da sauƙin fahimta. Ana narkar da gishirin litiyum, da gishirin ƙarfe, da asid na fosfet cikin ruwa. Sau da yawa akan ƙara sinadarin bitamin C don kada ƙarfen ya yi tsatsa kafin ya haɗu da sauran. A zuba a tukunyar ƙarfe mai kauri wadda aka shafe cikinta da roba mai jure zafi, a ɗaure murfin tamau, a sa a tanda a wajen digiri 180 na tsawon awanni. Ruwan ba shi da hanyar tsiyayewa ko tashi, matsi ya hau, ƙwayoyi su soma tsirowa a hankali. Zafi, da tsamin ruwan, da tsawon lokaci, su ke yanke hukuncin ko za su fito kamar sanduna, ko falle-falle, ko dunƙulallu. In zafin ya gaza, ƙarfe kan zauna a gurbin litiyum, aikin ya lalace.

Bayan an tace garin an shanya, sai a cuɗa shi da sukari, wanda bai bambanta da na shayi ba. A gasa a wajen digiri 700 cikin iskar da ba ta da oksijin. Sukarin ba ya ci da wuta, gawayi yake zama, ya bar wa kowace ƙwaya riga ta kabon mai kaurin 'yan nanomita. Farin gari mai ɗan duhu ya shiga tanda, baƙi ƙirin ya fito.

Akwai kuma masu narkar da gishirin ƙarafan da asid na lemon tsami har haɗin ya yi kauri ya daskare, sannan su ƙona shi ya bar gari mai laushin gaske. Wasu kuma da mazubi suke aiki. Charles Martin a Amurka ya riƙa cika ramukan wata siririyar matata da sinadarin banadiyum, sannan ya kawar da matatar, ya bar dubban sanduna a tsaye.

Gari kaɗai dai ba ya zama ƙaramin batir. A babban batir ana kwaɓa garin da kabon da danƙo a shafa a faifan alminiyum. A wurin da bai fi milimita ba, dole a gina katod ɗin a tsaye, ya tashi sama ya cika wurin da yake da shi, amma ko'ina a jikinsa ya kasance siriri. Masu bincike a Jami'ar Tel Aviv, da Peter Notten a ƙasar Holan, sun gwada huda silikon da ramuka masu zurfi su shafe bangon ramukan da shimfiɗun batir.

Paul Braun na Jami'ar Illinois ya bi wata hanya mai kyawun tsari. Ana barin ƙananan ƙwallayen roba su jera kansu a kan faifai, sahu bisa sahu. A cika tsakankaninsu da nikel ta hanyar wanka da lantarki, irin yadda ake yi wa ƙarfe ruwan azurfa. A narkar da ƙwallayen, sai a sami soson nikel mai ramuka iri ɗaya da suka haɗe da juna. A ƙarshe a shafe bangon ramukan da siririn sinadarin manganis. Ilaktoron na gudu ta cikin nikel, litiyum na gudu ta cikin ruwan da ya cika ramukan, kuma dukkansu 'yan nanomita kawai za su ratsa kafin su haɗu. A 2011 ƙungiyarsa ta nuna batirin da ke ɗaukar kashi 90 cikin ɗari na cajinsa cikin minti 2. A 2013, tare da William King, suka mayar da tsarin ƙaramin batir a kan gilashi, mai fitar da wuta da ƙarfin da ya zarce na ƙananan baturan da aka sani a lokacin nesa ba kusa ba. Sai dai ƙarfin riƙonsa ya riƙa raguwa bayan zagayen caji ƙalilan.

A shekarar 2013 ɗin ce Jennifer Lewis ta Jami'ar Harvard da Shen Dillon na Illinois suka buga batir da firinta. Tawada biyu suka haɗa, ɗaya mai ƙwayoyin litiyum da ƙarfe da fosfet don katod, ɗaya mai litiyum da titaniyum don anod. Wahalar tana ga tawadar: dole ta gudana ta bakin bututu mai faɗin maikuromita 30, ta kuma tsaya cik da zarar ta sauka, ba ta baje ba, ba ta tsage ba yayin bushewa. Firintar ta zana mataji biyu da haƙoransu suka shiga tsakanin juna ba tare da sun taɓa ba, ta riƙa komawa tana ɗora layi bisa layi har katangun suka tashi. Aka gasa, aka rufe da roba, aka ɗiga ruwan batir. Girmansa duka bai wuce ƙwayar yashi ba.

Mafi ban al'ajabi shi ne aikin Angela Belcher a MIT. Ta ɗauki ƙwayar bairos mai suna M13, wadda bakteriya kaɗai take kamawa, ba ta cutar da mutum. Siffarta doguwa ce siririya, tsawonta bai kai maikuromita ɗaya ba. Aka sauya mata halitta ta yadda jikinta zai riƙa janyo ƙarfe da fosfet daga ruwa, bakinta guda kuma ya kama siririn bututun kabon mai ɗaukar lantarki. Sakamakon da aka wallafa a mujallar Science a 2009 katod ne da aka haɗa cikin ruwa, ba tanda mai zafi, kuma ya kunna ƙaramin ƙwan lantarki.

Inda gizo ke saƙar

Faɗin fuskar da ke kawo sauri shi ne kuma ke kawo ɓarna. Ko'ina katod ya taɓa ruwan batir, akwai ɗan cin juna da ke faruwa, wanda ke cinye litiyum ya bar datti. Fuska in ta ninka sau dubu, ɓarnar ma ta sami fili sau dubu. Katod na manganis ya fi shan wahala, don manganis ɗin kan narke ya bi ruwa ya je ya gurɓata anod, musamman in akwai zafi. Na kobalt kuwa, in ƙwayoyinsa suka yi ƙanƙanta da yawa, yawan wutar da suke riƙewa raguwa yake yi. Ga kuma iska da ke maƙalewa tsakanin ƙananan ƙwayoyi, ga nauyin soson nikel wanda shi kansa ba ya adana komai. A batirin da kowane ɗigon wuri ke da daraja, wannan asara ce babba. Saboda haka duk wanda ya ce ƙanƙantar da ƙwaya alheri ne a kowane hali ya faɗi rabin magana. Ƙarfe da fosfet ya amfana ne don ba ya saurin cin ruwan batir, sauran kuma sai an yi musu kariya.

Kariyar da aka fi dogara da ita ta samo asali ne daga Finlan, inda Tuomo Suntola ya ƙirƙiro dabarar shimfiɗa zarra sahu ɗaya-ɗaya a 1974. Ana sakin turirin sinadari ɗaya ya kama fuskar, a share ragowar, a saki na biyu ya haɗu da na farko, a sake sharewa. Kowane zagaye na ƙara wajen kashi ɗaya cikin goma na nanomita, kuma turirin na shiga kowane lungu komai zurfinsa. 'Yan zagaye na sinadarin alminiyum da oksijin sun isa su tsawaita rayuwar katod sosai. In an yawaita kuma, rigar ta toshe wa litiyum hanya.

Zafi ma ƙalubale ne. Katod na kobalt da aka fesa yana buƙatar gashi a wajen digiri 700 kafin zarrarsa su jeru daidai, alhali guntun silikon da aka gama haɗawa ba ya jure abin da ya wuce wajen digiri 400. A 2017 ƙungiyar Braun ta nuna ana iya shafa wannan katod ta wankan lantarki cikin narkakken gishiri a digiri 260, wanda mataki ne na gaske wajen gina batir kai tsaye a jikin na'ura.

Abin da ya fi komai tsayar da aikin shi ne abin da ba a cika ɗaukar hotonsa ba: sandararren ruwan batir da marufi. Shafe soso mai lunguna da gilashin da ba shi da huda ko ɗaya aiki ne mai wuya, kuma huda guda ta isa ta haɗa anod da katod batir ya mutu. Litiyum ba ya shiri da damshi ko kaɗan, ga shi a wannan girman marufin kan fi batirin kansa girma. Batirin Harvard ma a nan ya sami tangarɗa, don marufinsa bai hana iska shiga ba. Shi ya sa wasu ƙananan batura masu caji da suka fita daga ɗakin gwaji, irin su Stereax na kamfanin Ilika a Ingila da ake shirya wa na'urorin dasawa a jiki, har yanzu shimfiɗu ne irin na Oak Ridge da ake ɗorawa bisa juna.

Nahiyar Afirka na da hannu a wannan sana'a, amma daga bakin rami. Wajen kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa. Afirka ta Kudu da Gabon da Gana suna fitar da manganis. Ana haƙar dutsen litiyum a Nasarawa da Kwara da Kaduna, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa a 2024. Ƙaramin batir kuwa abin da yake buƙata na waɗannan ma'adinai bai kai ƙwayar gero ba, kuɗinsa duk na gwanintar tsarawa ne. Tukunyar matsi, da tanda mai iskar argon, da na'urar gwada caji ba su fi ƙarfin sashen kimiyyar sinadarai na jami'a ba, muddin akwai tsayayyar wuta da madubin ilaktoron da za a duba abin da aka dafa. Ya kamata jami'o'in da ke maƙwabtaka da waɗannan ma'adinai, da hukumomin da ke ba su kuɗin bincike, su fara daga nan.